Sikelin Kwairanga

Daren da wuta ta kwana a Pantami,
ba a ɗauke ba har kiran assalatu,
Adda Dudu ta ɗaga murfin firiza
ta tarar kwalbarta ta tsage daga wuya har gindi,
ƙanƙara na leƙowa ta tsagar
kamar haƙorin fari a bakin jariri.

Ta ce, "Wa ya ƙara mini ruwa cikin dare?
Ni na cika, ni na murɗe murfi.
Baƙon da ɗaki ya ishe shi jiya
yau shi ke ture bango?"

Shekarata tara, kula na hannuna.
Na ce, "Ruwan ne ya yi ƙiba."
Ta ce in ƙiba ya yi
sai a ƙara masa kuɗi.

Na je wurin Kwairanga mai kifi,
wanda sikelinsa ba ya ƙarya
sai dai ranar da ciniki ya yi zafi.
Ya ƙulla ruwa a leda, ya ɗora: kilo ɗaya cif.
Ya ce, "Kai ta ta kwana a sanyi, ka dawo."

Washegari na dawo da dutse a hannu,
leda ta kumbura ta yi ƙaho,
yatsuna sun mutu.
Ya ɗora. Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta tsaya inda ta tsaya jiya.
Ko ƙwayar gero ba ta ƙaru ba.

"Ka gani?" in ji shi, yana share raɓa da gefen riga.
"Nauyi na nan, wuri ya ci.
Ruwa in yana ruwa 'ya'yansa a cunkushe suke,
kamar fasinjan motar Kumo,
gwiwa a gwiwa, wannan na zamewa kan wancan.
In sanyi ya kama su sai su ja sahu,
kowa ya miƙa hannu ya riƙe na kusa,
tsakani kuwa fili.
Mudu goma ya nemi mazaunin sha ɗaya.
Kwalba ba ta da na sha ɗayan."

Ya yage ledar, ya jefa dutsen a baho.
Ya nutse, ya yi shawara, ya taso,
ya tsaya da ƙeya a waje,
sauran jiki a ɓoye kamar dorina.
Ban taɓa ganin dutse mai iyo ba.
"Kofi da kofi, ruwa ya fi ta nauyi,
shi ya sa uwa ke goya 'yarta.
An ce a ƙasashen sanyi tafki kan yi murfi,
kifi na ƙasa yana harkarsa.
Namu na Dadin Kowa bai san wannan gata ba."

Daga ranar Adda ta riƙa barin yatsa biyu
a wuyan kowace kwalba.
Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai bari.

Yau shekara ashirin da wani abu.
Firizar ta zama ma'ajin buhun masara,
Kwairanga ya bar wa ɗansa sikeli.
Ni kuma akwai wata magana
da yayana Barkindo ya yaɓa mini ranar rabon gado,
kalma huɗu, ba ta kai cikin cokali ba.
Na kai ta can inda ya fi sanyi a ƙirji,
na cika, na murɗe murfi.
Duk dare ina jin haƙarƙari na ƙara.
In na danna ta ƙasa sai ta taso,
ƙeya a waje.

Jiya na ɗora ta a sikeli, ni kaɗai.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa.
Kalma huɗun nan ce dai.

Gidansa na Bolari, bayan masu walda.
Rana ta take, hanya ba nisa.
Ban sani ba ko ta narke kafin in isa.